Python ta ce babu ssl, sai mu kashe tsaro?

Akwai wata ɗabi'a da ke yaɗuwa tsakanin matasanmu masu koyon rubuta manhaja a Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin Tarauni, kuma tana damuna ƙwarai. Yaro zai sayi kwamfuta ta hannu a kasuwar Farm Centre, ya ɗora mata Linux, ya ce sai ya harhaɗa Python da kansa tun daga tushe. Madalla da wannan himma. Aiki ya ƙare lami lafiya, ya zo sauko da kayan aiki da pip, sai ta ce masa babu ssl. Maimakon ya tambayi dalili, sai ya kwafo umarnin da ke hana pip tantance shafin da take sauko da kaya daga gare shi.

Wannan cire kwaɗo ne don mabuɗi ya ƙi shiga. Kuma ba ya ma magance komai, domin matsalar tun baya ta faru. Python ba ta zuwa da fasahar ɓoye bayanai tata, aro take daga OpenSSL. In ba ta tarar da libssl-dev a Ubuntu ba, ko openssl-devel a Fedora, ba za ta tsaya ba. Za ta ci gaba da harhaɗuwa, ta rubuta a ƙarshe cewa ta tsallake ssl, a layukan da ba wanda ke karantawa. Wani lokacin kuma OpenSSL ɗin ce ta tsufa: tun daga Python 3.10 ta 2021 ba a karɓar ƙasa da 1.1.1, alhali CentOS 7 da 1.0.2 take zuwa.

Na san dalilin gaggawar. Data ta yi tsada, an ɗauke wuta, batir na kuka, sake harhaɗawa kuma na cin lokaci. Amma hannun da ya saba kashe tantancewa a ɗakin koyo, shi ne gobe zai rubuta wa mai POS manhaja, ko ya riƙe bayanan marasa lafiya. Abin da ke tsorata ni ke nan.

Malamai masu koyarwa, don Allah ku zaunar da ɗalibi ya karanta ƙarshen abin da make ta fitar. Ya saka abin da ya ɓace, ya sake configure, ya sake harhaɗawa, sannan ya gwada import ssl kafin ya taɓa pip.