Seductor da Corruptor: Gyara ga Wata Fassara da Ta Zama Jiki

Mai karatun da ya tashi da Faransanci, kamar ɗalibanmu na Kamaru da Cadi, da zarar ya ci karo da kalmar Latin seductor sai séducteur ta faɗo masa a rai, ya fassara ta da mai yaudarar mata. Fassarar nan ba ta tsaya da ƙafafunta ba.

Kalmar ta samo asali ne daga aikatau seducere, wanda aka gina da se, wato gefe, da ducere, wato ja ko jagoranta. A Latin na zamanin Sisero, ma'anarsa ita ce a ja mutum gefe, sau da yawa domin a gana da shi a asirce, kuma babu ƙanshin alfasha a ciki. Sunan seductor kuwa bai yi tashe ba sai a rubuce-rubucen Kirista. A fassarar Linjila da Jerom ya gyara wajen shekarar 383, da wannan suna manyan malaman Yahudawa suka ambaci Annabi Isa a gaban Bilatus, a Matiyu 27:63, inda ya maye gurbin kalmar Girkanci planos. Zargin da suke yi shi ne ya kautar da jama'a daga hanya. Duk wanda ya shigo da zancen mata a wannan aya ya ɗora wa nassin abin da bai faɗa ba. Mai ɓatarwa ita ce fassarar da ta dace.

To, me Romawa ke kiran mai hure wa mace kunne? Corruptor, daga corrumpere, wato ɓata abu ko gurɓata shi. Sisero ya yi amfani da ita a jawabansa na shekarar 63 kafin Miladiyya, yana kwatanta 'yan koren Katilina da masu gurɓata matasa. Akwai kuma adulter da moechus, amma waɗannan sun fi karkata ga mai neman matar aure.

A nan Hausa ta fi Faransanci kusa da tunanin Romawa, domin lalata tana ɗauke da fuska biyun da corrumpere ke da su: ana lalata gona, ana lalata tarbiyya, ana kuma lalata yarinya. Harsunan biyu sun dubi ɓarnar da aka yi wa mutunci da gida, alhali séducteur ta yau ta koma duban gwanintar mai aikin, har takan zama yabo. Saboda haka mafassarin da ke bi ta ƙamus ɗin Faransanci zuwa Hausa yakan sassauta laifin da marubucin Roma ya tsananta.