Gizo da Awon Hali: Gyara Kan Rabon Taurari Gida Biyu

1.0 Gabatarwa

Ya zama al'ada ga ɗalibanmu, in sun zo nazarin taurari a tatsuniya ko ƙagaggen labari, su raba su gida biyu: na kirki da miyagu. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa wannan rabo ya gaza, domin ya cakuɗa ma'auni biyu waɗanda ba ɗaya ba ne.

2.0 Ma'auni Biyu

Za mu ari haske daga wani wasa na Amurka mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. 'Yan wasa kan zauna kewaye da tebur, kowa ya ɗauki tauraro guda yana magana da yawunsa, ana jefa ƙwaya irin ta ludo don yanke abin da zai auku. Da farko hali uku kawai aka tanada: mai bin tsari, mai ƙin tsari, da ɗan ba-ruwanmu. Zuwa 1978 an ƙara ma'aunin kirki da mugunta, aka gicciya shi da na farko, gidaje suka zama tara. Abin lura a nan shi ne, tambayar "yana bin doka?" dabam take da tambayar "yana nufin alheri?"

Bahaushe bai jahilci wannan ba. A cikin siffofin mutumin kirki da Kirk-Greene ya tattara a 1974 akwai ladabi da kunya, waɗanda suka shafi kiyaye tsarin zama, akwai kuma gaskiya da amana da karamci, waɗanda suka shafi zuciya. Mutum na iya cika na farko ya rasa na biyu.

3.0 Kurakurai Uku

Kuskure na farko shi ne ɗaukar mai bin tsari a matsayin nagari. Dubi Waziri a littafi na ɗaya na Magana Jari Ce (1937). Bafade ne cikakke, ya san gaisuwa da zaman fada, amma da wannan matsayi ne ya ƙulla makirci da Sarkin Sinari don ya hau gadon ubangidansa. Ladabinsa shi ne makaminsa.

Na biyu shi ne ɗaukar mai karya tsari a matsayin mugu, ko mahaukaci marar alƙibla. Gizon da yara suka sani, tun daga Kano har ƙasar Bagudo ta bakin iyakar Binin, ba ya ganin girman Zaki, ba ya riƙe alkawari. Duk da haka yana da alƙibla guda wadda ba ta sauyawa, wato cikinsa. Ba cutar wani ce burinsa ba. In cuta ta biyo, a hanyar neman abinci ta biyo. Idan kuwa Kura ya yaudara, masu sauraro murna suke yi, don ƙaramin da ya kayar da mai ƙarfi da dabara bai zama abin ƙi ba.

Na uku, wanda ya fi barna, shi ne mayar da laƙabi keji. Wasu masu wasan tebur kan ce taurarinsu ba za su iya aikata kaza ba, tun da an rubuta musu hali kaza. Haka ɗalibi kan ruɗe da Alhaji Imam na Ruwan Bagaja: ya bar gida don ya wanke uban riƙonsa daga wulaƙanci, ya samo maganin ɗan sarki, amma a hanya shi da Malam Zurƙe ba irin damfarar da ba su yi wa juna ba. Wanda ya riga ya sa shi a gidan nagari sai ya rasa yadda zai yi da rabin littafin.

4.0 Kammalawa

Laƙabin hali bayani ne na abin da tauraro ya riga ya aikata, ba umurni ba ne kan abin da zai aikata. Saboda haka muna ba malamai shawara su sauya tambayar da suke yi a aji da jarrabawa. Maimakon "wane ne mugu a wannan labari?", a tambayi ɗalibi: wace doka tauraron ya kiyaye, wacce ya karya, kuma wa ya amfana? Wanda ya amsa waɗannan uku ya karanta labarin. Wanda ya raba gida biyu kawai, wa'azi ya yi, ba nazari ba.