A ba masu fenti bango su zana abin da ransu ke so

Wanda ya taso daga Maraɗi zai je Dakoro, ya ratsa Sabon Mashi ya iso Kornaka, zai lura cewa bango iri biyu ne ake damuwa a shafa wa fenti. Akwai na masu sana'a, irin su mai aski, tela da mai cajin salula. Akwai kuma na poroje, inda za ka ga an zana uwa da jariri ko hannu ƙarƙashin buta, an rubuta a wanke hannu, a kai yara rigakafi, a sa 'ya mace lakwal. Sauran siminti ne tsirara, ba ado ba kwalliya.

Ko wannan ɗan aikin ma yana kuɓuce wa masu zane. Yaron da ya yi shekaru yana wanke wa maigidansa buroshi, yana koyon haɗa launi da daidaita baƙi har hannunsa ya faɗa, yau sai ya ga mai shago ya aika Maraɗi an bugo masa talla a kwamfuta, a kan leda, da hoton da aka kwaso daga intanet. Ta fi araha, ta fi sauri, amma kafin rani biyu rana ta cinye launin, iska ta yaga gefen. Mai zanen kuwa ya koma fentin ƙofofi da tagogi, ko ya kama kabu-kabu.

A wannan hali ne matasa ke kallon zanen bangon ƙasashen waje a wayoyinsu. Abin ya samo asali ne a biranen Filadalfiya da New York na Amurka a ƙarshen shekarun 1960, inda samari ke rubuta laƙabinsu a bango da jikin jiragen ƙasa. A 1980 wani da ake kira Futura 2000 ya lulluɓe tarago guda da launuka zalla, ya kauce wa manyan baƙaƙen da aka saba, kuma har yau ana ambaton aikin. A kusa da mu, matasan Dakar sun share unguwanni sun zane bangaye a yunƙurin Set Setal wajen 1990, daga baya mai zane Docta ya kafa bikin Festigraff a 2010. Ina murna da yaranmu ke sha'awar wannan. Abin da ke damuna shi ne yadda manya ke cewa baƙon abu ne, su kuma yaran suka yarda, suna kwaikwayon baƙaƙen boko masu kumburi kamar ba su da gado.

Alhali zanen da ba mutum ba dabba, wanda layi da launi kaɗai ke magana a cikinsa, Bahaushe ya daɗe da ƙwarewa a kai. A shiga unguwar Birni a Damagaram a dubi fuskar zauruka, yadda magina suka tayar da zane a jikin laka, suka bi shi da farar ƙasa da shuni. A tuna da ginshiƙan tsohon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Dagi, da aska takwas ta gaban babbar riga, da zayyanar da ake yi wa allon mai sauka, duk dangi ɗaya ne. Ba sai an je birni ba ma. Matan da ke saƙa tabarma da kabar Gulbin Kaba sun san inda za su sa ja, inda za su sa baƙi, ba tare da sun zana a takarda ba. Matan Fulanin da ke kawo nono kasuwa, a dubi bayan ƙorensu. Babu mai tsayar da su ya ce wannan zanen me yake nufi. Ana gani a ce ya yi kyau, a taya.

Kuma irin wannan zane ya fi dacewa da mu ta wata fuskar. Malamai da yawa ba sa son a zana mai rai, magidanta da dama ba za su yarda da fuskar mutum a bangon gidansu ba. Layi da kusurwa da da'ira kuwa, da wuya a sami mai ƙyamarsu.

Na san za a ce garin da ke lissafin hatsin rumbu kafin damina ba shi da kuɗin ado. Gaskiya ne fenti da tsada. Sai dai kakanninmu ba su fi mu wadata ba sa'ad da suke yaɓe ɗaki da makuba suna jan zane da yatsa kafin laka ta bushe. Haka kuma ba na goyon bayan yaro ya bi dare ya ɓata bangon wani. Bango na da mai shi, a nemi izninsa.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ma'aikatar magajin gari ta ware bango ɗaya, na tasha ko na filin ƙwallo, ta ce wa masu fentin garin ga shi, ba a buƙatar saƙo, ba a buƙatar tambarin kowa. Duk porojen da ya biya aka zana masa talla, ya ƙara gwangwani biyu a bar wa mai zanen ya yi nasa a gefe, ya sa sunansa a ƙasa, domin sunan nan shi ke kawo masa aiki na gaba. Su kuma matasan, kafin su buɗe waya, su je su zauna wurin tsohon magini ko mai sassaƙar ƙwarya su tambayi sunan kowane zane da yadda ake fara shi. Tsofaffin nan suna raguwa, kuma mafi yawansu ba su da almajiri.