Littafin Waƙoƙi a Kan Tabarmar Gida

A gidajen masu bi da ke jin Hausa, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tsibiri zuwa Galmi, littattafai biyu ne aka fi samu a kan akwati ko cikin jakar maigida, watau Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi. Na biyun ya fi saurin tsufa, gama shi mata suke ɗauka zuwa zumunta, shi yara suke jayayya a kansa, shi kuma ake buɗewa da dare sa'ad da iyali suka taru domin addu'a. An daɗe ana yabon amfaninsa cikin majami'a, yabon kuwa ya dace. Amma akwai wurin da ba a cika auna shi ba, wato tsakar gida, inda masu sauraro 'yan shekara biyu ne, da uku, da biyar, da jinjirin da ke goye. Waƙar da ta cika majami'a ranar Lahadi, ko za ta zauna a bakin uwa ranar Talata da hantsi sa'ad da take yi wa yaro wanka?

Abin da littafin ya yi

Kafin a faɗi kasawar abu, daidai ne a faɗi alherinsa. Ma'aikatan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, aka kuma gama buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ƙananan ikilisiyoyin da suka tsiro a wannan zamani suna bukatar abin rairawa, sai aka juya waƙoƙin sujada na Ingila da Amurka zuwa Hausa, aka bar musu muryoyinsu na asali. Da yawa irin waɗanda Ira Sankey ya tattara ne cikin littafinsa da ya fara fitowa a 1873. Ta haka mai bi daga Galmi yakan shiga majami'a a Jos ko Zariya, a kira lambar waƙa, ya buɗe baki tare da jama'a kamar a can aka haife shi. Tsofaffi da dama da littafin nan suka ƙarfafa karatunsu na boko, suna bin baiti da yatsa. A bakin kabari kuwa, sa'ad da magana ta ƙare wa kowa, waƙoƙin nan ne suke riƙe masu makoki. Wanda ya raina wannan gado bai san wahalar da aka sha kafin a same shi ba.

Sai dai waƙoƙin an yi su domin manya ne, masu zama a jere a kan benci, kowa da littafi a hannu. Gida kuwa ba haka yake ba.

Yadda waƙa take a tsakar gida

Tun kafin littafi ya zo, gidan Bahaushe cike yake da waƙa. Akwai waƙar reno da uwa ko kaka ko 'yar reno takan yi tana jijjiga yaro. Akwai waƙar niƙa, wadda mace takan yi ita kaɗai a kan dutse da asuba, tana faɗin abin da ke ranta. Akwai lugude, inda taɓarya biyu ko uku suke amsa wa juna cikin turmi ɗaya, da waƙar daɓe sa'ad da mata suka taru gyaran ɗakin amarya. Da dare akwai gaɗa a dandali, da 'yar waƙar da take dawowa sau uku ko huɗu cikin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, wadda yara suke jira su amsa.

In aka duba waɗannan duka, za a ga abubuwa huɗu da suka haɗa su. Gajeru ne, layi biyu ko uku da ake juyawa. Suna da amshi, har yaron da bai iya magana sosai ba yana da wurin sa baki. Suna tafiya da motsin jiki, ko jijjiga, ko tafi, ko faɗuwar taɓarya. Na huɗu kuma, a buɗe suke: uwa tana iya jefa sunan ɗanta ciki, ta yi masa kirari, ta ambaci kakansa da garinsu, gobe ta sāke wasu kalmomi ba wanda zai ce ta yi kuskure.

Wannan ba wasan banza ba ne. Jariri yana jin sauti tun yana ciki, a watannin ƙarshe, yakan kuma gane muryar uwarsa daga ranakun farko. Masu bincike a jami'ar Montreal ta Kanada sun nuna a 2015 cewa jarirai sukan zauna lafiya ba kuka kusan ninki biyu in waƙa suke ji, fiye da in magana ce. Kakanni ba su je jami'a ba, amma sun san haka tun dā. Da waƙa ake lallashi, da ita ake sa barci, da ita yaro yake koyon ƙirga da sunayen dangi, da ita kuma yake fara ɗanɗana yadda harshensu yake hawa da sauka.

Inda muryar ta taka kalma

A nan ne babban aibin Littafin Waƙoƙi yake, ba kuwa aibin koyarwa ba ne, na harshe ne. Hausa tana bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Kalmar gari, in aka taƙaita gaɓar farko, wurin zaman mutane ne. In aka ja ta, abin tuwo ne. Haka fasa: a taƙaice tulu ne ya yi ɓari, a jaye kuwa tafiya ce aka bari. Rubutun boko bai nuna wannan bambanci ba, kunne ne yake kama shi. Mawaƙan Hausa, daga Mamman Shata da kalangunsa zuwa Barmani Coge da ƙwaryarta, ba su wasa da nauyin gaɓa. Kiɗansu a kansa yake tafiya, shi ya sa ko yaro yana jin abin da suke faɗi.

Muryoyin waƙoƙin Turanci kuwa an gina su a kan wata ƙa'ida dabam, ta inda ake danna kalma da ƙarfi. Mai fassara yakan ƙirga gaɓoɓi su yi daidai da na asali, ya zuba su cikin muryar kamar yadda ake zuba gero a buhu. Sai gaɓa marar nauyi ta faɗa inda muryar take ja, mai nauyi kuma ta faɗa inda take gudu. In baiti ya yi zancen gari mai kyau da ke can sama, muryar kuwa ta ja gaɓar farko, babba ya san abin da ake nufi domin yana ganin rubutu, ya kuma ji wa'azi. Ɗan shekara huɗu garin tuwo ya ji.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi. A ɗauki kalmomi uku: Yesu ya zo. In aka ja ya da murya sama, an ce ya riga ya zo. In aka taƙaita ta da murya ƙasa, roƙo ne, ana so ya zo. In aka ja ta tana faɗowa daga sama zuwa ƙasa, ana sa ran zuwansa nan gaba. Kirsimati ke nan, da addu'a, da begen dawowarsa, duka a kan gaɓa ɗaya. Gaskiya ne ko mawaƙan gargajiya ba kullum suke bin hawa da saukar magana daki-daki ba, amma sukan kiyaye ta inda ma'ana za ta ɓace. Muryar da aka yi a Ingila ba ta san akwai wannan haɗari ba.

A ƙara da tsawo. Baiti huɗu ko biyar, kowane da sabon tunani, da manyan kalmomi irin su fansa da barata da tsarkakewa, abinci ne na masu haƙori. Uwar da hannunta ɗaya yana cikin ƙullu ɗaya yana riƙe da yaro ba ta da hannu na uku na riƙe littafi. Waƙoƙin yara da ke ciki sun fi dacewa da ajin Lahadi, inda malami yake gaba yara suna zaune. Mai neman waƙar wanka, ko ta yaye, ko ta daren da zazzaɓi ya hana yaro barci, zai juya shafuffuka ya gaji.

Waɗanda suka shiga gida

Duk da haka wasu waƙoƙin fassara sun ƙetare ƙofar majami'a sun zauna a tsakar gida, yana da kyau kuma a tambayi dalili. Wadda ta fi su duka ita ce 'yar waƙar nan da take gaya wa yaro Yesu yana ƙaunarsa. Wata Ba'amurkiya, Anna Warner, ta rubuta kalmominta a 1860, cikin wani littafin labari inda ake faɗa wa yaro marar lafiya su domin ta'aziyya. A 1862 William Bradbury ya sa mata murya, ya kuma ƙara mata amshi. Ashe tun asali a gefen shimfiɗar yaro aka haife ta. Gajera ce, tana da amshi mai maimaita magana ɗaya, muryarta kuma a kan matakai biyar take tafiya, kamar yawancin waƙoƙin ƙasar nan. Watau ta yi nasara ne domin ta yi kama da waƙar reno. Haka sauran waɗanda yara suka riƙe: kusan kullum amshin kaɗai suke rairawa, su bar wa manya baitocin.

Shaida ta biyu tana wurin Zumuntar Mata. Mishan na farko sun yi ɗari-ɗari da kiɗan ƙasa, ba kuwa haka kawai ba, gama goge da garaya suna da dangantaka da bori, sababbin masu bi da yawa kuma daga can suka fito. Amma mata ba su jira izinin madaba'a ba. Suka ɗauki tulu da caki da ganga, ɗaya ta bayar, sauran su amsa, suka zuba labarin Nuhu da na Yusufu da misalan Ubangiji cikin muryoyin da suka tashi da su. Ikilisiyar Katolika ma, a babban taronta na Batikan, ta rubuta a 1963 cewa a ba kiɗan kowace al'umma wurin da ya dace da shi cikin sujada. Duk wanda ya saurari yara suna wasa a bayan gida da yammacin Lahadi ya san waɗanne waƙoƙi suka biyo su daga majami'a. Na mata ne. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Abin da ke cikin haɗari

Da a ce tsakar gida tana nan yadda take, da wannan magana ba ta zama da gaggawa ba. Amma injin niƙa ya ɗauke dutse, waƙar niƙa ta bi shi. Dandali ya ragu a birane. Yaro yana shiga lakwal ya koma rera na Faransanci. Rediyo da kaset sun fara mai da iyali masu sauraro, salula kuwa ta ƙarasa aikin: yaro ya yi kuka, a miƙa masa waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a sa jariri gaban allon waya ko talabijin sam, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ko waƙar da ke cikin wayar ta bishara ce, waya ba ta san sunan yaro ba, ba ta sassauta murya sa'ad da idonsa ya fara lumshewa, ba ta kuma jira ya amsa.

Ga wani abu kuma. Wasu iyaye masu bi sun bar waƙoƙin kakanni domin suna tsoron kada a ce na arna ne, ba su kuwa sami madadinsu a littafi ba. Sai gida ya yi shiru daga Litinin zuwa Asabar. Alhali kuwa Maimaitawar Shari'a sura 6 ta ɗora koyar da yara a kan iyaye, a zaune da tafe, da kwanciya da tashi. Ba ta ɗora shi a kan malamin ajin Lahadi ba.

Hukunci

Littafin Waƙoƙi ya cika aikin da aka yi shi dominsa, kada kuma a raba shi da addu'ar iyali ta dare, gama yaron da ya ji mahaifinsa yana rera waƙa mai wuya zai girma ya tarar da ma'anarta. Amma ba littafin reno ba ne, kuskure ne a ɗora masa wannan kaya. Masu sāke buga shi nan gaba ya kamata su zauna da mawaƙa masu kunnen Hausa, su bi baiti-baiti su gyara inda muryar ta taka kalma. Madaba'o'in ikilisiya kuma su aiki mutane wurin tsofaffin mata na Zumunta tun suna da rai, a ɗauki muryoyinsu, a rubuta gajerun waƙoƙin gida, na reno da na wanka da na cin abinci da na kwanciya, a bar gurbin da uwa za ta sa sunan ɗanta.

Iyaye kuwa ba sai sun jira littafi ba. Waƙar reno da kaka ta bari, in babu sunan iska ko zagi a ciki, ba ta da laifi. Aya ɗaya gajera daga Zabura, in aka ɗora ta a kan muryar lugude aka yi mata amshi, ta isa mako guda. Maigida ma kada ya ce wannan aikin mata ne, gama yaro yana bukatar jin muryar ubansa a wani abu ban da tsawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kunnen yaro kuwa ya fi kowane icce ɗanyantaka.