Me Polly Hill ta gani a Dorayi, me kuma ya rage a Dawakin Tofa?

Polly Hill ta karanci ilimin tattalin arziki a Jami'ar Kambirij, kuma Keynes, wanda ɗaliban fannin ke haddace sunansa, kawunta ne. Amma maimakon zama a ofis da alƙaluman gwamnati, sai ta riƙa bin manoma gida-gida: Batagarawa a Katsina, sannan Dorayi a farkon shekarun 1970. Littafinta na 1977 ya kwatanta karkarar Kano ta 1900 da ta 1970.

Ƙarfin aikinta yana wajen maganar ƙwadago. Masana da yawa a lokacin na ɗaukar manoman ƙauye duk ɗaya ne. Ita ta ce a'a. Akwai mai rumbu, akwai wanda hatsinsa ke ƙarewa tun kafin damina ta kankama. Shi wannan na biyun dole ya tafi gonar wani don ya samu na cefane, daidai lokacin da tasa gonar ke neman noma. Ciyawa ta cinye masa, amfani ya ragu, baɗi ya sake komawa. Duk wanda ya san ƙauyukan Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona kuma gado ke ƙara tsinka ta, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Inda nake ja da ita shi ne yadda hoton ya yi duhu da yawa. Michael Mortimore, da ya yi shekaru yana nazarin wannan yanki mai cunkoso, ya nuna taki, kiwo da haɗa shuka sun riƙe ƙasar duk da yawan jama'a. Sannan Dorayi tana bakin birni ne, yau ma birnin ya haɗiye ta, don haka ba kowane darasinta ne zai dace da ƙauyen da ke cin albarkar kasuwar Dawanau ba.

Akwai kuma batun bashi. Christopher Udry ya bi magidanta a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya a ƙarshen shekarun 1980, ya gano cewa rancen da ke tsakanin 'yan uwa da maƙwabta yakan yi sassauci idan mai karɓa ya gamu da asara, kamar wata inshora ba takarda. Tambayar da ta kamata ɗalibanmu na Jami'ar Bayero su kai Dawakin Tofa ita ce: ɗan ƙwadagon Hill yana cikin waɗanda ake ba wannan rance, ko kuwa sai mai rumbu?