Ruwan da kake zuba wa bugenbiliya ne ya hana ta fure

Idan ka sayi dashen bugenbiliya, shukar nan mai ƙaya da ke hawa katanga, shawarar da aka saba bayarwa ita ce ruwa safe da yamma, a ƙara da takin yuriya. Shawarar nan kuskure ce. Ita ta sa daga Jega zuwa Maiyama za ka ga katanga ta yi kore shar, fure kuwa babu.

Asalinta Kudancin Amurka ne, an sa mata sunan Bougainville, Bafaranshen da ya zaga duniya a jirgin ruwa tsakanin 1766 da 1769. Jan abin da kake kira fure ma ganye ne da ya rikiɗe; ainihin furen ɗan fari ne a tsakiya. Tana fitar da shi sosai idan ta sha rana, ƙasa kuma ta ɗan bushe. Yawan ruwa da naitirojin ɗin yuriya reshe da ganye suke ƙarawa, wani lokaci ma saiwa ta ruɓe.

Masu sayarwa suna da uzuri: ƙaramin dashe yana son ruwa, musamman a zafin Maris da Afrilu. Laifinsu, ba sa gaya maka lokacin ragewa.

Manomin albasa a Aliero ya san ruwa yana da lokacinsa, shi ya sa yake janye ban-ruwa kafin cira. Kai ma, da zarar saiwa ta kama, tura yatsa cikin ƙasa; sai ka ji ta bushe sannan ka zuba. Ruwan da ka saya wurin ɗan garuwa ya fi amfani a randa.