Bakandamiyar Betoben da Ma'aunin Fifiko

Duk sa'ad da masana kiɗan Turawa suka zauna lissafin ayyukan da suka fi kowane girma, da wuya a tashi ba a ambaci Simfoni na Tara na Betoben ba. Abin da mu ke so mu bincika a nan shi ne, ko wannan fifiko daga jikin kiɗan ya fito, ko kuwa yawan yabo ne ya ɗora masa rawani. Tambayar ta shafi malamin da ke gaban ɗalibai, gama wanda ya karɓi hukunci bai san dalilinsa ba, hadda kaɗai zai iya koyarwa.

An haifi Betoben a garin Bon na ƙasar Jamus cikin 1770, ya rasu a Biyana cikin 1827. An fara kaɗa wannan simfoni a Biyana ran 7 ga watan Mayu, 1824, sa'an nan kuwa kurumta ta riga ta ci ƙarfinsa. Aikin kashi huɗu ne, ya kan ɗauki sama da sa'a guda. Kashi na fari yana somawa da wani amo siriri kamar daga nesa, kafin ya taru ya barke. Na biyu mai sauri ne, tambura suna ta kutsawa a ciki. Na uku mai natsuwa ne ƙwarai. A na huɗu ne ya yi abin da manyan magabatansa ba su yi ba a simfoni, watau ya shigo da muryoyin mutane, suna rera baitocin da Shila ya rubuta cikin 1785 a kan farin ciki da 'yan'uwantakar 'yan Adam.

Gwanintar tana wurin yadda aka iso ga waƙar. Kashi na huɗu yana buɗewa da hargowa. Daga nan sai makaɗa su ɗauko guntun kashi na fari, manyan goge su katse shi kamar mai cewa a'a. Haka a ke yi wa na biyu da na uku. Bayan an ƙi duka ukun ne karin nan sananne ya ke fitowa, a hankali, daga manyan gogen kaɗai. Kari ne mai sauƙi, yawancinsa hawa da sauka ne daki-daki, har yaro ya iya kama shi a ji ɗaya. Mai sauraro da ya bi wahalar kashi uku ya kan ji wannan sauƙi kamar wanda ya iso rijiya bayan doguwar tafiya.

Amma fa aikin bai kuɓuta daga aibu ba. Bardi, babban mawallafin kiɗan Italiya, ya yabi kashi ukun farko, ya ce na ƙarshe ba a tsara shi da kyau ba. Yana da hujja, domin Betoben ya riƙe muryoyin mata a can sama har su kan gaji, sai ka ce ya ɗauki maƙogwaro kayan busa ne. Akwai kuma aibu cikin ma'ana. Baitocin da ke kiran dukan mutane 'yan'uwa, su ne kuma suka umarci wanda bai sami aboki ba ya fice daga taron yana kuka.

Tarihin karin ya ƙara nauyin wannan zargi. An kaɗa simfonin a Barlin cikin 1942 domin bikin haihuwar Hitila. Gwamnatin tsirarun Turawa ta Rodeshiya ta mai da karin taken ƙasa cikin 1974. Majalisar Turai ta ɗauke shi take cikin 1972, ba tare da kalmomi ba. Cikin Disamba 1989 aka kaɗa shi a Barlin domin murnar faɗuwar bangon da ya raba birnin. Azzalumi da wanda aka zalunta duk sun sami abin so a ciki. Wannan ya nuna karin, in an cire shi shi kaɗai, riga ce da kowa ke iya sawa.

Sabo da haka hukuncinmu shi ne, girman aikin gaskiya ne, amma yana cikin ginin gaba ɗaya: ƙin da aka yi kafin yarda, da duhun da ya gabaci hasken. Masu mai da shi take sun yanke reshe sun bar saiwa. Ko cewa ya fi kowane aiki, wannan magana ce da ba ta da ma'auni, gama ayyukan Bak da na Mozat wata bukata dabam su ke biya. Abin da ya wajaba ga malami shi ne ya sa ɗalibansa su saurari kashi huɗun a jere, ya nuna musu inda aka ƙi da inda aka karɓa, ya kuma faɗa musu aibun. Bayan haka sai ya bar su su yanke nasu hukunci da dalilinsa.